Ɗaya Ko Biyu

Daren Alhamis a Halifax, ruwan sama na marin taga.
Mun haɗa tebur uku a benen shagon Ormerod,
mun shimfiɗa bargo ruwan ƙasa, mun raɗa masa suna hamada.
Duwatsu na soso, dabino na waya,
tankokin dalma, kowace ba ta fi babban yatsa ba.

Dokar na shafi na arba'in da ɗaya:
kafin Crusader ta motsa, a jefa ɗan ludo.
In ɗaya ya fito, ko biyu, ta mutu inda take.
Ba harsashi, ba nakiya,
inji ne kawai ya ce ya gaji.

Na jefa. Biyu.
Na jefa wa ta bayanta. Ɗaya.
Guda shida na yi sati uku ina wa fenti
har idona ya yi ja,
ga huɗu sun yi cirko-cirko
ko warin abokan gaba ba su ji ba.

Clive mai riƙe da Jamusawa ya kurɓi shayinsa:
"Doka ce, Neville. Ba ni na rubuta ba."
Na ce wanda ya rubuta ta ɗan baƙin ciki ne,
ƙazafi ya yi wa ƙarfen ƙasarmu.
Valentine ce kaɗai ya ƙyale,
ita kuwa hawainiya ta fi ta sauri.

Enid Hebblethwaite, mai rubuta mana maki,
ta ajiye fensir.
"Babana bakanike ne a can," in ji ta.
"Bai taɓa ba mu labarin faɗa ba.
Famfon ruwa mai yoyo, shi ne labarinsa,
da sarƙar fanka da yashi ke ci kamar gara.
A ƙarƙashin tanka yake kwana, sifana a ƙirji.
Har ya tsufa, yatsunsa ba sa jin zafin kofi.
Ɗaya ko biyu?
Ai sauƙi aka yi muku."

Ɗakin ya yi tsit, sai kukan buta.

Ta jawo littafin, ta lashi bakin fensir.
"Ba ƙarya ya yi ba, mantuwa ya yi.
Ya ƙirga mutuwar inji,
bai ƙirga masu tashe shi cikin dare ba."
A gefen shafi ta rubuta da ƙananan baƙaƙe:
ƙarshen kowane zagaye, a jefa wa bakanike nasa.
Biyar ko shida, ta tashi.

Clive ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.

Na hura wa ɗan ludo iska, na sake shi.
Ya gangara, ya daki gindin dabino, ya tsaya.
Uku.

"Haka yake," in ji Enid.
"Ba a kawo kayan gyara ba tukuna.
Zuba mini shayi."