Zuciyar Aro

A Bolari, bayan masu walda,
ta shekara tara kan duwatsu huɗu.
Ja ce, ƙofa biyu, ba rufi,
kaji sun mai da kujerarta akurki.

Bappayo ya ɗaga bonet, ya yi tsaki:
"Injin nan ya riga babanka tafiya."

Muka sayo wani daga Panteka,
aka sauke shi da sarƙa, yana lilo
kamar sa a mahauta.
Giyabos na da rami shida,
baƙon ya zo da biyar,
na biyar ɗin ma ya kauce
da faɗin ƙwayar gero.

Kwana uku Bappayo na awo da tsinken tsintsiya,
yana goge lamba da yawu.
Kulocin Fijo ya ƙi zama.
Lagireto ya shiga, fanka ta cije shi.
"Ƙarfe ba ya jin lallashi," in ji shi,
ya sa aka yanko faranti, aka huda.

Laraba, bayan la'asar, ta tashi.
Yara suka ɗau ihu.
Ni na kasa kunne a salansa:
ba wannan tarin ke tashinmu da asuba ba
in Baba zai tafi Ashaka.

Bappayo ya miƙo makulli.
Na ce tsohon injin,
kada a ba 'yan gwangwan.