Kwana Ɗari da Tamanin

Ranar huɗu ga Maris suka ba yaron nan kujerar,
yaron da ni na koya wa riƙon wuƙa.
Ban ji sautin agogon da aka kunna ba.
Shekara sha tara ina feɗe tarwaɗa a Belzoni,
sanyin ɗakin ya shiga gaɓoɓina ya yi shimfiɗa.
Mista Haskew ya ce, idonsa a kan takalminsa:
"Earline, mazan layin nan ba sa jin maganar mace."

Na haɗiye.
Uwata da haƙuri ta rene mu, shi da wake da masara,
ta ce mai shi yakan dafa dutse.
Ba ta faɗa mini dutsen yana da wa'adi ba.

Na rubuta takarda zuwa ofishin sama.
Suka ce ana dubawa.
Afrilu, ana dubawa.
Yuni, mai dubawar ya tafi hutu.
Auduga ta yi fure a bakin hanya, furen ya zube,
ni ina jiran gawon shanu,
kuma ba wanda ya ja ni gefe ya ce
dubawarsu ba ta tsayar da ƙidayar hukuma.

Sai ashirin da biyu ga Agusta:
wai na makara minti shida,
ni da nake riga mai gadi zuwa.
Suka karɓi katina, suka miƙo mini kwali,
ciki da kofina da safar hannu ta roba
da hoton jikana, kusurwarsa a jiƙe.

Motar ƙanena Purvis tana tari har Jackson.
Matar da ke bayan tebur, Madam Tillery,
ta janyo kalanda, ta ɗora bakin fensir a kan Maris.
Tana ƙirgawa, leɓenta na motsi.
Na ce, "Cire Lahadi, ai ba ma aiki."
Ta ce, "Lahadi ma kwana ce."
Har ranar da muka binne Anti Ozella ta ƙirga,
har makon da zazzaɓi ya kwantar da ni.

Ɗari da casa'in da ɗaya.
Goma sha ɗaya ne suka yi yawa.
Shekara sha tara, kwana sha ɗaya suka kayar da su.
Na ɗauki jakata. Ihu bayan hari, na ce a raina.

"Zauna," in ji ta. "Yaushe suka kore ki?
Kafin takardar, ko bayanta?"
Fensirin ya tsallake watanni, ya sauka a Agusta.
"Wancan rauni ya tsufa, ƙofarsa ta rufe.
Wannan kuwa kwanansa ashirin.
Ramuwar gayya tana da nata agogon."

Na sa hannu. Yatsuna ba sa lanƙwasa sosai,
sunana ya fito a karkace
kamar kifin da ya kuɓuce daga tebur.

Kujerar ta tafi, ban yi wa kaina ƙarya ba.
A hanyar gida audugar ta fashe, fari fat,
Purvis na neman tashar rediyo.
Ni ina tunanin Jessalyn, a layi na uku,
wadda aka rage wa awanni
tun da cikinta ya fito.
Na tambayi Purvis biro.
Wace rana ce ma? Talata, bayan ruwan nan.
Na rubuta a tafin hannuna, na fara ƙirgawa.