Ƙidayar Asuba

Sha huɗu na zuba a akwatin gilashi
watan da na ajiye aikin asibiti.
Tasi'u na Sabon Gari ya ƙulla min su a leda,
ya ce, "Baba, waɗannan ba sa faɗa,
sun fi 'yan haya iya zama."

Sati uku, duk Gwammaja ba ɗaki irin nawa.
Shuɗiyar fitila, injin iska na ɓulɓula,
jikata Saude ta raɗa musu suna:
Leshi, Barkono, Tagwaye, Mai Hula,
da baƙin kurungu mai gashin baki
da ta kira Alƙali, wai don ba ya dariya.

Wata Talata bayan asuba
na ƙirga, sha uku.
Leshi na kwance kan tsakuwa,
jela a yage kamar bakin tsohon zani.

Shekara talatin ina gwajin jinin mutane,
na san ruwa ba ya tsami banza.
Da ruwan na fara.
Na tsare ɗan garuwa a ƙofar gida:
"Wane burtsatse? Me jarkar nan ta taɓa ɗauka?"
Ya rantse har ya ajiye kurarsa.
Na ɗiga magani a kwalba, launi bai juya ba.

Alhamis, sha biyu.
Barkono, ido ɗaya babu.

Na zargi wuta, kwana biyu ba a kawo ba,
injin ya yi tsit, bazara ta dafa ɗakin.
Na sayi batir da kuɗin cefane,
Kubura ta dube ni daga madafi:
"Kifin da ba a ci, ga shi yana cin mu."
Na zargi hannun Saude mai yawan kyauta,
na ɓoye gwangwanin abinci a saman durowa.
Ta yi kuka.
Asabar, sha ɗaya.

Amma rashin iska ba ya ƙwaƙule ido,
ƙoshi ba ya yaga jela.
Akwai mai haƙori a gidan nan.

Na dubi Alƙali.
Baƙi ne, yana iyo a rigingine,
yana yini cikin fasasshen tulu, ba ya shiga jama'a.
Wace shaida kuma nake jira?
Na kwashe shi da rariyar shayi
zuwa robar wanki a tsakar gida,
na yi barci har da minshari.

Da safe Mai Hula ya taso sama, ciki a huje.

Daren nan ban kwanta ba.
Na naɗe tocila da jan ƙyalle, na zauna kan tabarma.
Adaidaita ta ƙarshe ta wuce,
maigadin layi ya buga ƙarfe biyu,
sai ciyawa ta motsa.
Wani abu launin laka, tsawon gaɓar yatsa,
ƙafa shida, idanu fiƙi-fiƙi,
ya rarrafo, ya laɓe, ya harba haɓa,
ɗaya cikin Tagwaye ta karkace.

Ɗan mazari, tun bai yi fiffike ba.

Ciyawar kuwa ni na tsinko ta
a kududdufin bayan Ƙofar Ruwa, da hannuna,
don na ƙi ba Tasi'u dubu ɗaya.
Ban ɗauraye ba, ban killace ba,
ni da na tsufa ina yi wa ɗalibai faɗa
kan wanke hannu.

Na ɗauke shi da matsefata.
Na ɗaga ganye, ga wasu biyu.

Kafin ladan ya kira na fita tsakar gida.
Alƙali na zagaye a robar wanki,
gashin bakinsa na laluben gefe.
Na mayar da shi. Bai dube ni ba,
ya shige tulunsa.

Saude ta taso tana murza ido:
"Kaka, nawa suka rage?"
Na ce tara.
Ta ce, "To wa ya yi?"
Na tsaya da matsefata a hannu,
injin iska na ta ɓulɓula.