Aikin Dare a Garwa

Ƙarfe goma ta wuce,
zafi bai sauka daga kwanon rufi ba.
Na auna kan Sajo da zare, daga kunne zuwa kunne,
kamar mai shirin ɗinka masa hula,
na ɗiga alli nan da can,
na manna wayoyi ashirin da ɗaya.
Ya ce, "Za ta ja ni?"
Na ce, "Ba ta ja, ba ta cizo,
kunne kawai take kasawa."

Daga Lagdo uwarsa ta kawo shi a motar kifi,
ƙarnin tarwaɗa bai saki zanenta ba.
Sau uku farfaɗiya ta kayar da shi watan jiya,
ɗaya a bakin murhu, ga tabon a gwiwar hannu.
An sha rubutu, an yi hayaƙi, zakara ya tafi,
'yan gidansu sun ware masa kwano,
wai yawunsa ne ke raba ciwon.

Da barci ya sace shi sai layuka suka fara tafiya
a fuskar na'ura, a hankali, a jere,
kamar Binuwai da rani, ba ta gaggawa.
Can wajen ɗaya da kwata
layi na bakwai ya yi tsalle kamar an tsikare shi,
na takwas ya bi shi, sauran suka rikice,
alhali yaro na kwance, ko yatsa bai motsa ba.
Dakta Njidda ta ajiye shayinta,
ta sa farce a kan gilashi, ta ce, "Ga shi nan.
Hadari ne, daga gefen hagu yake haɗuwa."
Na rubuta: lamba ɗari da arba'in da bakwai.
A littafinmu Sajo ba shi da suna.

Sai aka ɗauke wuta.

Na fita tayar da inji, igiyar ta ƙi ni sau biyar.
Garin ya yi baƙi ƙirin har Rumde Ajiya,
Kaza da 'ya'yanta sun sauko kamar a miƙa hannu.
Wani abokina a jami'ar Marwa, mai leƙen sama,
ya taɓa ce mini hasken nan tsohon saƙo ne,
ya baro gida tun kakan kakana bai yi rarrafe ba.
Shi yana jiran haske daga nesa,
ni ina jiransa daga tazarar ƙashin kai,
kuma dukanmu ɗan abin da ya iso muke karantawa.

Inna Dija ta biyo ni da fitilar wayarta.
"Malam, me kuka gani?"
Na ce ba iska ba ce, ba kuma hannun mutum ba,
a mayar masa da kwanonsa cikin na 'yan'uwa.
Akwai ƙwaya, kullum ɗaya, kada a tsallake.
Ta ce, "Nawa?"
Na faɗa.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga, ta sake ƙullewa.

Rahotonmu zai tafi Yawunde bayan damina,
shafi sittin, da taswira, da jadawali.
Wataƙila wani ya kai shafi na tara,
inda muka ce kantin maganin garinsu
wata huɗu rabonsa da ƙwayar nan.
Wataƙila kuma a ɗora masa kofi.

Da asuba na wanke masa kai da ruwan ɗumi,
danƙon wayoyin ya ƙi fita daga sumarsa.
Ya leƙa na'urar, ya dube ni,
ya ce, "Kun ga mafarkin da na yi?"
Na ce ba mu kai nan ba tukuna.
Ya ce, "Kwalekwale na tuƙa, ni kaɗai,
har tsakiyar ruwa, kuma ban faɗi ba."

Na duba takardar sama da ƙasa,
babu gurbin rubuta wannan.
Na rubuta shi a gefe, da fensir.