Cokali na Biyu

Kafin rana ta leƙo bayan tsauni
Tsiala ta riga ta naɗe tanti.
Ni ina zaune ina lallashin yatsuna
su miƙe su kama igiyar takalmi.
Safar jiya ba ta bushe ba.
Haka na zura ta, da sanyinta da warinta,
ƙafa ce za ta busar da ita kafin hantsi.

Jakar nan ta mahaifina ce.
Maɗaurin hagu ya san kafaɗarsa, bai san tawa ba,
kullum wuri guda yake cizona.
Daren da muka bar Omalo
na zazzage ta a kan ciyawa
na yi wa kowane kaya shari'a:
kai littafi mai kauri, ka ci amanata;
kai cokali na biyu, wa ya gayyace ka?
Gari na wayewa na mayar da su duka.

Tsiala ba ta magana kafin shayi.
Bayan shayin ma kalma uku ce:
"Mu riga rafi."
Ƙanƙarar da ke kwance can sama
da rana ta taɓa ta sai ta gangaro da fushi,
ruwan da ya tsaya a idon sawu da safe
da yamma ƙugu yake nema.
Muka rataya takalma a wuya muka shiga.
Sanyi ya hau ƙashina har haƙori.
A tsakiya ta yi tuntuɓe, ta dafa sanda, ta tsira,
amma cokalinta ya sulale daga aljihu,
ya yi walƙiya sau ɗaya, ya bi ruwa.
Da dare na miƙa mata na biyun.
Ba ta yi godiya ba, ban yi gori ba.

Kwana na huɗu karnuka suka tare hanya,
farare, kowane kamar ɗan maraƙi.
Muka ƙame har Nugzar ya fito daga cikin tumaki
yana zaginsu da sunayensu.
Bai tambayi daga ina muke ba.
Ya yanko cuku mai gishiri kamar hawaye,
ya ce, "Kuna da batir? Rediyona ya yi shiru tun Lahadi."
Muka cire na tocila muka ba shi.
Daren nan a duhu muka ci taliya,
ta bakin tukunya muke gane hannun juna,
can ƙasa cikin kwari wata mata tana karanta labarai
ga tumaki ɗari bakwai.

Hawan Atsunta babu ciyawa, babu inuwa,
baƙar tsakuwa ce mai gudu ƙarƙashin ƙafa,
ka ba ta taku uku ta karɓe ɗaya.
Na daina kallon sama.
Ina ƙirga hamsin, in tsaya, in roƙi iska,
in sake ƙirga hamsin.
Duk tunanin da na taho da shi daga Tbilisi,
bashin haya, maganar da ban mayar wa Lamara ba,
ya zube a hanya ban ji faɗuwarsa ba.

A ƙololuwa na zaci zan yi kuka.
Iska ce kawai, da yunwa.
Ina lalube neman busasshen burodi
hannuna ya faɗa wani aljihun da ban sani ba:
allura, baƙin zare, da tikitin mota
wanda ya girme ni da shekara biyu.
Tsiala ta karɓi allurar
ta fasa mini bororon diddige
tana cin burodina da ɗaya hannun.

Ashe gangara ta fi hawa mugunta.
Gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
farcen babban yatsa ya yi baƙi.
Saura yini guda mu kai Shatili,
gishirinmu bai fi tsunkule biyu ba.
Ɗazu na jiyo kukan mota daga nesa,
sai na durƙusa ina gyara igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.