Mai Ido Ɗaya

Ranar da Miciyo za ta koma Japan
ta zo garkarmu ta Jiratawa, laka har idon sawu,
ta miƙo mini abu ja a ƙunshin jarida:
ɗan mutum-mutumi, bai fi goruba biyu ba,
ba hannu, ba ƙafa, sai gira da gemu,
idanu farare fat, ba ɗigon baƙi.

Ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe,
"Daruma ke nan. Ka ƙulla buri, ka zana ido guda.
Ran da buri ya cika, ka ba shi ɗayan."

Inna ta ce ba a kwana da gunki a gidanta.
Na ce, Inna, takarda ce da fenti,
rabo yana hannun Mai Sama,
wannan mai bin bashi ne kawai,
ya zauna ya zuba mini ido.
Ta ja tsaki, ta ce to ya zauna a zaure.

Da tawadar allo na ɗiga masa na hagu.
Burina injin ban-ruwa,
in huta da guga, kafaɗata ta huta.

Shekarar farko Gulbi ya cika ya batse,
ya kwashe zogale har da shinge.
Ta biyu kuɗin suka bi Inna asibiti,
ita da su ba wanda ya dawo.
Ta uku na sayar da jar akuya,
na ba wani ɗan Jibiya kafin alƙalami,
har yau wayarsa a kashe take.

Wani dare na kai masa mangari.
Ya faɗi, ya yi tangaɗi, ya miƙe.
Na sake. Ya miƙe.
Nauyinsa a gindi yake, shi ya sa.
Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai
har aka kira assalatu.

Shekara bakwai yana kanne mini ido.

Jiya na dawo daga kasuwar Maradi
na iske Tsahara, autata, da tandun kwalli,
yatsunta baƙi ƙirin.
Ta ce, "Baba, ya gaji da gani rabi-rabi."

Idon ya karkace, ya fi ɗan'uwansa girma.
Inji dai ban saya ba.
Na ɗauko tsumma zan goge,
sai na ga yadda yake kallonmu, ni da ita,
da zogalen da ke bushewa kan tabarma.

Na mayar da tsumman aljihu.
Gobe akwai ban-ruwa, da guga.