Tsakanin Lost da Missing

A wani ƙauyen masunta, can arewacin Sikotland,
inda teku ke tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa,
Elspeth Duthie ta shiga rumfar mai sassaƙar dutse
da takarda a ninke, gumin hannu ya jiƙa ta.

Shekara bakwai ke nan da jirgin kifin ya fita,
mutum huɗu a ciki, ɗanta Struan ne ƙaraminsu.
Teku ya dawo da garwar mai, da takalmin roba ƙafa ɗaya.
Iyakar abin da ya ga damar bayarwa ke nan.

Fergus Watt ya goge tabarau da gefen riga.
Ya ce, "Sunan na gane, shekarar ma na gane,
amma nan kin rubuta kalma biyu, kin ja layi tsakani.
Dutse ba ya ɗaukar wataƙila.
Wacce zan sassaƙa?"

Lost, ko missing.

Ya ce, "Tun zamanin kakana lost muke sawa.
Leƙa maƙabarta ki gani, ga su nan jere.
Gajeruwa ce, harafi huɗu, kuɗinta kaɗan,
kuma tana rufe magana kamar murfin tukunya."

Ta ce, "Na san ta sarai.
Da ita yara ke faɗin an cinye su a ƙwallo,
da ita baƙo ke cewa hanya ta ɓace masa.
Da ita na ba da labarin zoben aurena
da ya sulale a wurin wanke kifi,
ban sake nema ba.
Wanda ya ce lost ya kakkaɓe hannu, ya tashi.
Kuma Struan bai taɓa ɓatan kai ba,
ya san ruwan nan kamar yunwar cikinsa."

Guduma na kwance a kan benci, ba mai taɓa ta.
"Missing kuwa," in ji shi, "ta 'yan sanda ce,
ta takardar da ake mannawa a jikin fitilar titi
da hoton kyanwa da lambar waya.
Ba ta kabari ba ce.
Kalma ce mai barin ƙofa a buɗe,
sanyi ya yi ta shigowa."

"To, ai ƙofar tawa a buɗe take.
In ka ƙirga cokula ka tarar babu ɗaya,
missing kake cewa,
domin gurbinsa na nan a aljihun tebur yana jira.
Haƙori in ya fita, harshe ba ya daina kai ziyara.
Ka kuma manta, ciki biyu gare ta:
ita ce rashin mutum a inda aka saba ganinsa,
ita ce kuma kewar da ke cin wanda aka bari.
Ka ga ta ɗauke mu, ni da shi,
kamar kwale-kwale ɗaya."

Tsohon bai tanka ba.
Ya tuna da wace kalma ya sanar da maƙwabta
ranar da Ishbel, matarsa, ta cika.
Ta farkon ce, mai murfi.
Amma har yau in gari ya waye
kofi biyu hannunsa ke saukowa da su,
sai ya mayar da ɗaya a hankali
kamar kada wani ya gani.

Ya ɗauki fensir, ya auna faɗin dutsen.
"Harafi bakwai ne. Sai na matse su kaɗan."
"Nawa ke nan?"
"Kuɗin huɗu."

Limamin coci ya yi gunaguni da ya gani,
ya ce ba haka aka saba ba.
Dutsen na nan dai a kan tudu, fuskarsa ga ruwa,
babu kowa a ƙarƙashinsa.
In an yi sama, harufan kan cika da ruwa,
Elspeth ta zo da laima,
ta share su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.